Kyaftin da Ya Bar Saje Garba a Dajin Burma

Zuwa ga Baba Fergus,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana kwance lafiya inda babu ƙarar bindiga. Ni ce Hajara, wadda ta kula da kai a gidan tsofaffi na unguwar Plumstead a London.

Ranar da na fara aiki na zubar da shayi a bargonka, bakina ya kuɓuce na ce, "Wayyo!" Sai ka ɗago ka ce, "Ba komai, yarinya." Da Hausa, daga bakin tsohon Bature! Na tsaya riƙe da kofi, hawaye na zuba.

Guntu-guntu ka ba ni labarinka, ina gyara maka gemu. Da ƙuruciyarka ka bar ƙauyenku a Ireland, ka shiga sojan Ingila a yaƙin duniya na biyu. Ka zama kyaftin, aka ba ka sojoji 'yan Arewa, jirgin sama ya sauke ku a dajin Burma, can bayan abokan gaba, inda ba hanya ba asibiti. Sajenka Garba, mutumin Azare, shi ya koya maka Hausa, shi ya goya ka da zazzaɓi ya kayar da kai.

Daga baya harsashi ya same shi a ciki. Dokar rundunarku ba a tsayawa saboda wanda ya ji rauni. Ka jingina shi da itace, ka bar masa gorar ruwanka, ka ja sauran kuka wuce. "Bai kira ni ba," haka kake yawan cewa. "Da ma ya kira ni."

Da ka koma gida, mutanen garinku suka juya maka baya saboda ka sa kakin Ingila, ƙasar da suka daɗe suna gaba da ita. Ka dawo London, ba ka yi aure ba. Duk zamana da kai ban ga wanda ya zo duba ka ba. Ranar jana'izarka ma daga fadan coci, sai ma'aikacin ƙaramar hukuma, sai ni.

Baba, ni ma shiru ya yi mini yawa. In na yi wa 'ya'yana Hausa, da Turanci suke amsawa.

Bara da na je gida, na biya ta Azare. Na yi ta tambaya, ba wanda ya san gidan Garba. Sai na roƙi wani limami ya yi masa addu'a. Ya ce Garba ɗan wa? Ban sani ba, Baba. Na ce masa abokin Kyaftin ne.

Allah Ya ji ƙan Garba, kai kuma Ya sauke maka nauyin da ka ɗauka tun daga gindin itacen nan.

'Yarka,
Hajara