Baba Ya Ce Ni Zan Wanke Gawarsa, Bai San Ni Kirista Ba Ne

Ina gaishe ku, masu wannan shafi da masu karatu, Musulmi da Kirista. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni Kirista ne, Bahaushe, haifaffen kudancin Katsina. Gyaran famfon tuƙa-tuƙa da na sola nake yi, shi ya kawo ni wani ƙauye kusa da Bafarawa. Sunana irin na annabawan nan ne da kowane gida ke raɗa wa ɗa. Ranar da na sauka, wani dattijo da kowa ke kira Baba ya tambayi sunana, na faɗa, sai ya ce, "Masha Allahu, ashe namu na! Ga ɗaki nan, shiga." A nan ya kamata in buɗe baki. Amma ga ni baƙo, ga 'yan bindiga sun hana kowa sakat, duk sabuwar fuska kallon tuhuma ake mata. Na ce bari in zauna tukuna, gobe na faɗa. Goben nan ce har yau ba ta zo ba.

Za ku ce, to salla fa? Ai kullum ina kan babur. Mutanen gari suna zaton na yi a hanya, na hanya suna zaton sai na koma gida. Da asuba Baba da kansa ke kare ni, "Ku bar shi, gajiya ta, shina yi ɗaki." Azumi kuwa tare muke ɗauka, har ana yaba mini. Ran Lahadi sai in sa wankakkiyar riga in ce, "Baba, za ni Isa." Shi ya ɗauka garin Isa za ni sayen kayan gyara, ni kuwa ɗan cocinmu na can nake zuwa, ina lallashin kaina wai ai ban yi ƙarya ba, wurin Isan za ni. Kun ji wayon banza! Abin da ya fi ba ni kunya, akwai wata malamar asibiti a cocin, da sarƙar gicciyenta take zuwa aiki, kowa ya san addininta, kuma matan gari ba su yarda wata ta karɓi haihuwarsu in ba ita ba. Ita ta iya, ni ƙato na kasa.

Baba ba shi da kowa kusa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kwashe iyalansu sun tsallaka Nijar tun da aka fara kai hari, shi ya ce ba inda za shi. Tun damina ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura. Ni ke ɗaga shi, ni ke goge masa jiki, ni ke dama masa fura. Wallahi ba don riya ba, ina ƙaunarsa, kuma abin da Yesu ya koya mana ke nan. Amma wace irin ƙauna ce wannan da ba za ta iya faɗin sunan wanda ya koya mata ba?

Makon jiya liman ya zo duba shi da wasu dattawa. Baba ya kamo hannuna ya ce, "Liman, ka zama shaida. In ta Allah ta kasance, wanga yaro za shi yi min wanka. Shi ka ɗaga ni da rai, shi za shi ɗaga ni ba rai." Liman ya ce madalla, Allah shi yi albarka. Ni kuma na ce amin. Amin fa, jama'a, da bakina!

Na san wankan gawa ibada ce, da niyya ake yin ta, kuma haƙƙin Musulmi ne ɗan'uwansa Musulmi ya yi masa. In na yi shiru na wanke shi, na cuce shi a lokacin da ba shi da bakin magana, na kuma sake musun Ubangijina a kan gawar mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa. In na gudu, wa zai ɗaga shi? Na gwada zamewa, na ce, "Baba, ban iya ba." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wa anka haihwa da iyawa? Liman za shi koya ma." Jiya na sake tattaro ƙarfin hali, na durƙusa na ce akwai maganar da na daɗe ina ɓoye masa. Ya ɗauka tafiya za ni yi. Ya riƙe rigata, ya ce, "Kak ka ce za ka tahi, ɗana. Kowa ya tahi, kai ɗai ka rage min." Sai na ce ba komai, Baba, na gyara masa matashi.

Yanzu ko koko da ƙyar yake haɗiya, liman kuma ya aiko cewa ran Juma'a bayan an sauko zai zo ya nuna mini yadda ake yi. Na yi addu'a har na rasa abin faɗa. Ina tsoron ya rasu bai san wanda ke riƙe da shi ba, ina kuma tsoron in faɗa masa in zama ajalinsa.

Don girman Allah, me za ni yi?