Silifas ɗinki na cikin kwamfuta

Maman Martina,

Kada ki wahala neman silifas ɗinki shuɗi, ni na yanka shi. Yi haƙuri.

Sabon allon lantarki na cikin kwamfuta da abokina Chiemeka ya kawo daga Legas ya yi wa akwatin kwamfutar coci kaɗan, ramukan noti biyu kawai suka dace. Ɗaya gefen yana lilo, in ya taɓa ƙarfe zai ƙone. Na duba gidan nan kaf, ban samu roba mai kaurin silifas ɗin ba, sai na tokare gefen da guntunsa. Yanzu allon ya zauna daram, takardun taronku na Zumuntar Mata za su fito kafin Lahadi.

Na tafi Zonkwa, zan sayo miki sabo.

Kafin nan ki sa nawa. Na san ya yi miki yawa, amma allon ma haka yake zaune, bai yi gunaguni ba.

Naki,
Azariya