Ciyawar Bayan Rijiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan alhamdulillahi, an sallamo Inna daga asibiti, kumburin ƙafar ya sace, har tana ɗan takawa zuwa bakin ƙofa.

Yaya, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ce. Kin san filin bayan rijiya da Baba ya bar mana, inda na dasa ciyawar giwa da gamba saboda ɓerayen masar ɗina. Da bokiti na raine ta har ta kama. Ko tsakiyar rani kore shar nake yanko ta, in baza ta sha iska, da sun ji motsina sai su cika gidan da tsuwa. To, ina can jinyar Inna, Baffa ya sa aka tuge ta har saiwa, ya ba wani mai noman albasa filin. Kunyoyi na dawo na tarar. Baffan nan fa da yake zuwa kwasar takinsu yana sa mini albarka!

Da yunwa ta matsa wa ɓerayen, na yanko ciyawar bakin hanya, ashe an yi mata feshin magani. Washegari da hannuna na kwashe fiye da rabinsu matattu, har da jar nan mai ciki.

Na sami Baffa. Ko a jikinsa. Ya ce ciyawa ba amfanin gona ba ce, kuma wai ya kira ki, kin ce ya yi yadda ya ga dama, wasan yara nake yi. A gaban mutane na ce masa Yayata ba za ta faɗi haka ba. Amma tun ranar nake kiranki, ba ki ɗauka. Maƙwabciyarmu ta sammini 'yan saiwoyi, na dasa a gindin katanga, Allah zai raya. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ko a kan ƙarya na kare ki. In kin faɗa, ki gaya mini da bakinki.

Inna ba ta san komai ba, kullum tana cigiyarki. Ki gaishe da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan Auta.

Ƙanwarki mai jiran amsa.