Gaban Goshin Zinariya

Briqueterie, Yawunde
12 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara duka. Ya ƙafar Inna Aisatu, ta fara takawa? Mu nan sai godiya. Maigidana Baha'uddeen yana gaishe ku, yana can shagon ɗinki, ba ya ɗago kai daga keke sai in ladan ya kira.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Alhaji Babba mai atamfa. Wayar gidanku a aljihun Malam take kwana, duk saƙon muryar da na aiko Jimeta sai an kunna shi a tsakar gida kowa ya ji, har kaji. Wannan kuwa maganar mata ce.

Na san ba za ki tambaye ni ita ba. Shekara bakwai ke nan da kika ɗora mini ita a cinya don ganin Allah bai ba ni tawa ba, kuma har yau kunyar 'yar fari ba ta bar ki kin kama sunanta ba, sai dai ki ce ya mutanen gida. To, mutanen gida suna lafiya. Zinariya ta warke sarai daga taifot ɗin da ta kwantar da ita a watan Oktoba, ta koma lekol, wato makaranta, tana cin tuwo kamar mai ramuwar azumi. Sai dai gashinta ne yake zuba. Ranar Lahadi da na tsefe mata, abin da na cire a mataji ya cika tafin hannuna. Ni da nake kitso tun kafin a yi mini aure, ban taɓa ganin irinsa a kan yarinya ba.

Hansai maƙwabciyata ta ce baki ne, wai wata ce ta tsinci gashin ta kai inda ake kaiwa saboda baƙin cikin kasuwata. Na ce ta rufe mini baki, amma ba na ɓoye miki, raina ya ɗan taɓu. Kin san kan Zinariya shi ne tallata. Kowace Lahadi sai na yi mata sabo, Litinin ta ratsa unguwar Messa za ta makaranta, kafin Laraba mata sun zo daga unguwannin Nkomkana da Ekoudou suna cewa irin na yarinyar nan suke so. Kaf unguwarmu Briqueterie, da muke ce wa Birik, babu mai kama kitso kamar ni, nawa sai ya yi wata biyu ko sili ɗaya bai tashi ba. Ba yabon kai ba ne, ki tambayi kowa.

Na dai yi dabara. Na sayo mesh, wato gashin ƙarin nan na roba, na kama mata ƙanana-ƙanana, na jawo na gefe na rufe inda ya yi fili. Ko ke da kika haife ta ba za ki gane ba. Gaban goshin ne ya ba ni wuya don ya ja baya, babu abin kamawa sosai, sai da na matse. Amma wannan ba sabo ba ne, ya fi shekara biyu a haka. Goshin dangin ubanta ne. Ki dubi Malam in ya cire hula, kuma kada ki ce ni na faɗa.

Ki aiko mini da man shanu na gaske, na nan duk algus ne. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Safinatu


Briqueterie, Yawunde
20 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da Inna. Allah Ya sa kuna lafiya. Man shanu ya iso, na gode, amma yana nan a rufe ban taɓa shi ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ana koya wa yara maci na bikin matasa a makaranta, sai wata yarinya a bayanta ta kama kitson gefen kunnenta da wasa. Yaya, kitson ya fito gaba ɗaya a hannun yarinyar, da mesh ɗin da gashin Zinariya da komai. Yara suka yi ta dariya. Madam, malamar ajinsu, ta aiko in zo. Na tafi da faɗa a bakina, kin san halina, na shirya in ga uwar yarinyar.  Madam dai ta ɗaga kitson gaban ta nuna mini ƙuraje a jere a gindin kowanne, wasu har da ruwa. Ta rubuta mana takardar ganin likitar fata.

Da muka je, likitar ta sa na tsefe kan a gabanta da hannuna. Baha'uddeen ne yake fassara mini, don Faransancina bai wuce na kasuwa ba. Ta ɗauko wani ɗan madubi mai fitila ta bi kan kaf. Ta ce ba makero ba ne. Ta ce ciwo biyu ne a kai ɗaya, kuma ba danginsu ɗaya ba.

Na tsakiyar kai da ƙeya, wanda yake cika mataji, ta ce aikin zazzaɓin ne. Wai idan jiki ya sha wuya sai ya daina ciyar da gashi, bayan wata biyu ko uku sai gashin ya zube a tare. Irin wanda ke samun mata bayan haihuwa ne, wanda ni ban san shi ba sai a kan wasu. Ta sa na leƙa madubin, na ga ƙofofin gashin suna nan kamar na rariya, wasu har da ɗan tsiro. Ta ce wannan zai dawo da kansa in an yi haƙuri. An gwada jinin Zinariya an ga ya yi ƙasa, shi ma yana ƙara zubar, ta rubuta ƙwayoyi. Har na fara hamdala.

Sai ta kama yatsana ta ɗora a gaban goshin, daga saman wannan kunne zuwa wancan. Sumul yake, Yaya, yana sheƙi kamar tsohon tabon ƙuna. A madubin ban ga ƙofa ko ɗaya ba. Ta yi magana mai tsawo, Baha'uddeen ya hau juya hularsa maimakon ya fassara mini. Na ce ya faɗa mini ko in tashi in tara masa mutane. Ya ce wai wannan ba zazzaɓi ba ne, ba kuma gado ba ne. Ja ne. Shekara da shekaru ana jan gashi daga tushe, da nauyin mesh a kai, ba a barinsa ya huta, har tushen ya mutu fata ta rufe. Inda ƙurajen suke, ta ce ana iya ceto shi in an sake shi yanzu. Inda ya yi sumul kuwa, ba ta so ta yi mana alkawarin da ba nata ba.

Ta tambayi wa ke yi wa yarinyar kitso. Bawan Allah, ya ce wata mata ce a unguwa. Wannan kam na ji shi ba sai an fassara ba. Na ɗaga hannu na ce ni ce. Ta tambaya ko yarinyar tana kukan zafi, na ce ko sau ɗaya ba ta taɓa ba, kuma gaskiya na faɗa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zargi maƙwabta, na yi wa goshin mijinki tsiya, ashe ni ce. Abin da na yi a Janairu kuma gyaran gangar Auzinawa ne, don a kan raunin na ƙara matsewa. Kin ba ni yarinya da gashi har kafaɗa.

Likita ta ce mu koma a watan Yuni, lokacin za a san mai dawowa da wanda ya tafi. Na jefa kibiyar kitsona a ƙasan akwati. Ina roƙon ki don darajar iyayenmu, ki bar mini ita zuwa lokacin, in yi jinyar abin da na ɓata. Ki zage ni yadda kike so, na cancanta, amma kada ki karɓe ta. Ba ni da kowa a ɗakin nan sai ita.

Taki mai neman gafara,
Safinatu


Briqueterie, Yawunde
28 ga Yuni

Yayata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana. A gaida Malam, a gaida Inna, Allah Ya ƙara mata sauƙi. Wannan takardar a jakar Zinariya za ki same ta. Jibi za su hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere tare da Alhaji Babba da matarsa Bintu, daga nan su bi mota.

Na ga amsarki tun Afrilu. Layi uku ne, babu zagi ko ɗaya, da ma kin zage ni. Kin ce in turo miki Zinariya ta yi hutu, kin rubuta sunan ƙarara, abin da ban taɓa gani daga hannunki ba. Kin ce in haɗo da takardun makarantarta. Mai zuwa hutu ba ya buƙatar takardun makaranta, Yaya, na gane. Suna cikin farar leda a ƙasan kayan. Ban ga laifinki ba, in da ni ce da tuni na zo da ƙafata.

Mun koma wurin likita ranar Talata. Tsakiyar kan da ƙeyar sun cika, baƙi wuluk, gajeru ne amma ko'ina sun fito. Inda ƙurajen suke ma rabi ya tsiro. Gaban goshin kuwa, faɗin yatsu biyu daga kunne zuwa kunne, yana nan yadda yake. Ta ce mu daina jira. In ta girma akwai aikin dashe da wasu likitoci ke yi, ban san ko namu zai kai can ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Ƙwayoyin jini saura na wata ɗaya, a ba ta bayan abinci. Kada kowa ya goga mata tafarnuwa ko ya yi mata tsaga a goshi, za a zo miki da wannan shawarar, ni ma an zo mini, tabo kawai zai ƙara. Kada a sa mata man miƙar da gashi. In ma za a yi kitso, manya huɗu ko biyar, sako-sako, babu mesh, a tsefe bayan sati ɗaya a bar kan ya sha iska. Ɗankwali ma kada a ɗaure tamau a kan wurin. Tana son shuɗin nan da Baha'uddeen ya ɗinka mata mai faɗin gaba, da shi ta yi Sallah.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni cin abinci tun jiya. Ina ninke mata kaya tana zaune a bakin gado, sai ta ga farar ledar. Yarinyar nan ba ta da wauta, shekararta goma sha ɗaya. Ta tambaye ni ko don kanta ya lalace, ba zai ƙara jawo mini masu kitso ba, shi ya sa zan mayar da ita. Na rantse mata ba haka ba ne. Sai ta ce ai ta yi iya ƙoƙarinta. Wai tun tana 'yar shekara biyar ta ji matan da ke jiran layi a tsakar gidana suna hira, cewa 'yar riƙo in ta cika kuka da ƙorafi mayar da ita ake yi. Tun daga ranar ta haɗiye. Ta ce duk Lahadin duniya kanta yana yi mata kamar an hura wuta, har kwana biyu ba ta iya ɗora gefen kanta a matashi, sai ta jiƙa tsumma a bayan gida ta dafa a goshi inda ba zan gani ba. Ni kuma ina nuna ta ga 'ya'yan mutane ina cewa su yi koyi da Zinariya, ita ba ta motsi.

Shekara shida yarinya tana cije baki a tsakanin gwiwoyina don kada in rabu da ita. Ni da nake ganin silin da ya kauce a kan baƙuwa, ban ga wannan ba.

Na faɗa mata ba ta yi laifin komai ba, na faɗa har muryata ta dushe, ta ce to, amma na ga ba ta yarda ba. Ke ki faɗa mata, wataƙila ta ji daga bakinki. Ban roƙi ki dawo mini da ita ba, ba ni da wannan bakin. Abu ɗaya nake roƙo. Duk ranar da kika zaunar da ita za ki taɓa kanta, kada ki tambaye ta ko da zafi, don za ta ce miki babu. Ki dubi yatsun ƙafarta. Ta ce mini su take dunƙulewa.

Allah Ya kai su lafiya, Ya raya miki ita. Ki yafe mini in kin iya.

Ƙanwarki,
Safinatu