Sun Zage Ni da Harshen Girka

Zuwa ga uwargida Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ƙara na kawo miki. Hauwa 'yarmu ce ke buga min a waya, na kuma hana ta gyara min ko harafi.

Kin tuna Isufu na Maraɗi, mai shayin majalisarmu ta unguwar Sharafiyya a nan Jidda? Tun bayan rasuwarki ya laƙaba min suna. Ina ɓullowa zai ce, "Yalla, a gyara tabarma, ga Alhaji Zizani!" Na ɗauka sarauta ce ta Faransanci, irin su Ciroma. Ina amsawa, Rabi. Har hannu nake ɗagawa. Wani yaro ya ce min Baba Sule, na ce ya gyara bakinsa.

Sai da Hauwa ta ji, ta duba. Ashe kalmar Girkawan da can ce, zizaniya. Ciyawa ce mai fitowa cikin alkama, kamarsu ɗaya, ba a gane ta sai ta yi kai, wanda ya ci kuma jiri ya kwashe shi. Zawan ɗin nan dai da kike tsincewa a faifai in za ki yi mana shurba da azumi. Masu Faransanci kuma suka mayar da ita sunan haɗa husuma.

Ni? Don na gaya wa Ɗanladi abin da Musa ya ce a kan rininsa na gemu? Ai amana na isar.

Abin da ya fi ci min rai, wai Girkawan ma ana zaton aro suka yi daga mutanen wajejen Sham. Ki duba fa: kalma ta taso daga maƙwabta, ta shiga Girka, ta kwana Faransa, ta sauka Maraɗi, ta hau jirgi ta zo Jidda ba takardar iƙama ba kafilin da zai tsaya mata, don kawai ta zage ni.

Na ce halas, shi ke nan, na bar majalisa sai an zo biko. Ba wanda ya zo. Hauwa ta wuce ta wajen, wai dariya suke har da tafa hannu.

Da kina nan da ba a kai ga haka ba. Kafin in fita kikan ce, "Malam, wannan maganar bar ta a gida, ni zan ji ta." In juye miki ita tas, in fita baki a wanke. Yanzu in na juye, bango ke ji.

Don haka gobe da la'asar zan koma. Ba yafewa na yi ba, ɗakin ne ya yi min faɗi.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya ajiye min wuri kusa da ke, don maganganu sun taru.

Mijinki,
Sule, wanda har gobe ba shi ya fara ba.