Gidan da Na Ɓata wa Suna

Da sunan Allah. Ni ne mahaifinku, dillalin gidaje, da hannuna nake rubuta wannan. Ƙafafu sun kumbura, numfashi ya ragu, amma kan nan lafiyarsa ƙalau. Ko jiya ina kwance na kusa sayar wa likita fili. Kada wani ya ce ciwo ne ya yi magana.

Na ɗaya. Gidan nan gadonku ne ku uku, Babba, Malama da Auta. Ba ni da ikon hana ku sayarwa, na kuma san an fara zancen tun ina numfashi. Ina jiyo shirin rediyon da kuke kunnawa da safe, masu haya na bugo waya suna kuka, mai gabatarwa na ta cewa duk mai gida a tsakiyar gari ya sayar yanzu ya koma gefe, kuɗi ya kai ƙarshe. Ba ƙarya yake ba. Da bakin nan na sha faɗa wa mutane haka, na karɓi la'adata.

Na biyu. Gwaggonku ba ta da kaso a gadon, ɗakin baya kawai take da shi, shi ma aro. Idonta ya tafi. Da tafin hannu ta san gidan nan: daga ƙofarta zuwa famfo, daga famfo zuwa banɗaki, har bangon ya yi baƙi daidai kafaɗarta. Ko sabon gida mai tayil kuka kai ta, kurkuku kuka kai ta. Ita ta goya ku bayan rasuwar mahaifiyarku, ba sai na tuna muku ba.

Na uku. A watan nan abokan sana'a sun zo dubiya. Dillali in ya zo gaida mara lafiya, rufin ɗaki yake kallo. Na bari suka gama kallo, sai na ja Dogo gefe, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, na ce masa ruwa na cin harsashin ginin ta ƙasa, na roƙe shi ya rufa mini asiri. Washegari duk kasuwa ta sani. Ƙarya na yi: babu ruwa, babu tsaga; ginin nan zai kai har kan jikokinku. Babba, shi ya sa mai sayen da ka kawo a ɓoye bai dawo ba.

Ɗana, kai na cuta. Na san ɗaki biyu kake haya da yara huɗu, na san duk ranar da rediyo ya ce haya ta tashi, mai gidanka sai ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kasonka da ya saya maka fili har ka ɗora bulo. Ina sane da duk wannan na yi abin da na yi, ka zo kana matsa mini ƙafa na kasa kallon idonka. Ba na cewa na yi daidai. Ka yafe mini in za ka iya.

Na huɗu. Malama da Auta, ina roƙonku ku bar wa yayanku ɓangarena ya dawo da iyalinsa, ya huta da haya. Ba ya kai abin da na hana shi, amma shi ke hannuna. Babur ɗina, in kun yarda, Auta ya ɗauka. Ya gyara birki kafin ya hau.

Na biyar. Malama, kin ce wa yayanki mai jiran gawa. Na ji. Ba mutuwata yake jira ba, ƙarshen wata yake tsoro. Ki je har gidansa ki ba shi haƙuri, ba ta waya ba.

Na shida. Da na so, da na tafi da bakina a rufe. Ga gaskiyar na damƙa muku. Duk ranar da kuka kira magini ya tona gindin bango a gaban Dogo, masu saye za su dawo, ko da farashin bai koma yadda yake ba, don gida in sunansa ya ɓaci ba ya wankuwa sarai. Roƙona ku jira Gwaggo ta gama kwanakinta. In kun kasa jira, ba zan yi muku baki ba. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya kira maginin, shi zai kama hannunta ya fitar da ita, kada ya aiko wani.

Allah ya yi muku albarka, ya ba kowannenku rufin kansa, ya yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci a tsakar gida ɗaya ko da kuna fushi.

Mahaifinku.