Rabin Ƙwayar Baba Tela

Ibadan, 6 ga Maris

Zuwa ga mijina Akintoye,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ina fata kana lafiya, kai da ɗalibanka na Saki. Yaya tarin nan? Kada ka rubuto mini "da sauƙi" kawai, ka faɗa mini ko yana hana ka barci. Ni lafiya lau. Mamanka ta ce ka rame a hoton da ka aiko, na ce mata laifin mai hoton ne.

Na ji kana gaya wa mutane matarka likita ce. Don Allah ka daina. Mataimakiyar bincike ce ni, tawadar takardar digirina ma ba ta gama bushewa ba. Jami'a ce ke gwada wani sabon magani a kan masu ciwon suga waɗanda ciwon damuwa ya kama, ba barci, ba ci, ba sha'awar komai. Rabinsu ana ba su maganin gaske, sauran kuma ƙwaya mai kama da shi sak, amma ba komai a cikinta. Su ba su san wadda suke sha ba, ni ban sani ba, shugabarmu Dakta Ajetunmobi ma ba ta sani ba. Da haka ake gane ko magani ne ya yi aiki ko sa rai. Duk an bayyana musu wannan kafin su yarda. Nawa aikin shi ne in zauna da mutum in tambaye shi barcinsa da cinsa da abin da ke ransa.

Akwai wani dattijo da ya shiga raina. Doka ta hana ni faɗin sunansa, don haka zan kira shi Baba Tela. Bara shaye-shaye ya cinye ɗansa namiji tilo. Ranar da ya fara zuwa, hularsa a karkace, na durƙusa na gaishe shi bai ko ɗago ba. Yanzu kuwa sunana a wurinsa 'Yar Sanda, wai ko a caji ofis ba a yi masa tambayoyi haka ba. Jiya ya kama hannun rigata ya duba ɗinkin, ya ce wanda ya ɗinka ta Allah ya yafe masa. Ban gaya masa kai ka sayo ta ba.

Ka riƙa rufe ƙirjinka da safe.

Taka har kullum,
Omolewa

Ibadan, 24 ga Maris

Akintoye nawa,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Ni jikina lafiya, hankalina ne a tashe.

Yau Baba Tela ya zo sanye da agbada, babbar riga mai sitati, da busasshen kifi a ƙunshe. Na ce masa ba a yarda mu karɓi kyauta ba. Ya ce ba nasa ba ne, na matarsa ne, kuma wanda ya mayar wa tsohuwa kifinta shi ya san inda zai kwana. Matar tasa mai sayar da kifi ce a kasuwar Oje. Tun rasuwar ɗansu ba ta sake buɗe rumfa ba, sai satin nan.

Na ce alhamdu lillahi. Sai ya matso da kujera, fuskarsa cike da fara'a, ya ce maganinmu ya tashi mutum biyu. Ashe da ya fara jin sauƙi sai ya kasa jurewa. Ya ce tun aurensu a kwano ɗaya suke cin amala, yaya za a yi ya warke shi kaɗai, ita tana kwance tana kallon bango? Asibiti kuma ta ƙi, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Don haka kowace safiya sai ya ɗora ƙwayar a kan teburin ɗinki, ya sa reza ya raba ta biyu. Har alfahari yake yi, wai hannun tela ba ya zalunci, babu wanda rabinsa ya fi.

Toye, wannan magani ba a gama sanin halinsa ba. Kafin a ba kowa sai an auna ƙoda da hanta da jini. Ita ba wanda ya taɓa auna ta, ga shi ya ce tana shan wani jiƙo na ciwon ƙafa da ban san abin da ke ciki ba. In ƙwayar banza ce, shi ke nan. In ta gaske ce, ban san abin da take yi a jikin tsohuwar nan ba.

Da ya ga fuskata sai dariyarsa ta ɗauke. Ya ce maganar uba da 'ya ce, kada ta fita ɗakin. Ya ce in na faɗa za a ƙwace kwalbar, matarsa ta koma kwance, alhakin kuma a wuyana. Na ce masa ba zan iya ɓoyewa ba, kuma daga yau kada ya sake ba ta. Ban yi masa ƙarya ba, ko da ta sakan ɗaya. Ya tashi ya bar kifin a kan tebur, bai yi mini sallama ba.

Dakta tana ɗakin taro, ina jiran fitowarta nake rubuta maka wannan. Ka yi mini addu'a.

Matarka,
Omolewa

Ibadan, 2 ga Afrilu

Mijina abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka. Wasiƙarka ta zo ta hannun direba, na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Ka ce na yi daidai. Na sani. Sanin bai sa na ci abinci ba.

Na ɗauka Dakta za ta yi faɗa. Sai ta cire tabarau ta dafe goshi, ta ce mijinta ko lemu ba ya raba mata. Daga nan ta koma aikinta na likita. Aka dakatar da ƙwayar Baba, aka sanar da kwamitin da ke kula da lafiyar masu shiga binciken, aka ba wani likita na daban izinin duba wace iri ce Baba yake sha, don a san yadda za a kula da su biyun. Mu da ke yi wa sauran tambayoyi ba za a gaya mana ba.

Ni da Sista Bolatito, babbar nas ɗinmu, muka je gidan. Mama Mai Kifi 'yar ƙarama ce, amma muryarta ta cika tsakar gida. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ke ce 'yar sandar? Ko nama babu a jikinki." Ta ce ba inda za ta. Sista ba ta ambaci damuwa ba ko sau ɗaya. Ta ce mijinki ya ba ki abin da ba naki ba, mun zo mu duba ko ya yi ɓarna, in ya yi ki ci tararsa. Nan take Mama ta ɗaura ɗankwali.

A mota take ba mu labari. Ta ce ita ba ta san ko ƙwayar na da amfani ba. Abin da ta sani, tun ranar jana'iza ba sa iya haɗa ido, kowa yana ganin yaron a fuskar ɗan'uwansa. Sai ga tsohon nan kullum da safe da reza da kofin ruwa, ya zauna a bakin gado ya ƙi tashi sai ta haɗiye. Tun tana korarsa har ta fara yi masa mita, daga mita sai hira.

Baba yana gaba kusa da direba, har muka isa bai juyo ba. Ina jin tsoron sakamakon jininta, ina kuma jin tsoron ranar da zai sake zuwa da hula a karkace.

Taka,
Omolewa

Ibadan, 27 ga Afrilu

Akintoye, sanyin idona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jarrabawar ɗalibanka ta wuce lafiya. Yau da labari mai daɗi na zo.

Ƙodar Mama da hantarta lafiya lau. Amma an sami jininta ya hau sosai, irin hawan da ke kayar da mutum ba sallama. An ɗora ta a kan magani, an hana ta jiƙon. Baba ya daina shan ƙwayar gwaji, an mayar da shi kan sanannen magani a asibitin yau da kullum. Zai ci gaba da zuwa wurina don tambayoyi har ƙarshen binciken, in ya ga dama.

Ranar Talata ya ga dama. Ya zauna ya harɗe ƙafa ya ce likitan nan na daban ya gaya masa wace iri ya sha, ko ina so in ji? Na toshe kunnuwana da hannu biyu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce yanzu shi ke da sirri, 'Yar Sanda kuma sai doka. Duk tambayar da na yi masa sai ya buɗe baki kamar zai faɗa. Toye, ka san ni, rashin sanin abu yana cina kamar ƙaiƙayi. Amma haka zan zauna har a gama.

Ba zan ce maka komai ya wuce ba. Ya ce akwai safiyar da har yanzu ba ya son tashi, na kuma rubuta hakan yadda ya faɗa. Ƙorafinsa ɗaya, yanzu kowa da kwalbarsa, ya rasa abin yankawa. Don haka ya koma raba lemu.

Wancan kifin Sista ta mayar musu tun tuni. Jiya Asabar na je Oje da kaina na saya a rumfar Mama, kamar kowa. Ta ƙulla mini, sannan ta ɗauko wani babba, wanda ya fi duk abin da na saya, ta ɗora a kai ta ce gyara ce, in na isa in kama ta. Da na dawo na sake karanta dokar aikinmu daga farko har ƙarshe. Ba ta ce komai a kan gyara ba.

Na raba shi biyu. Rabinka yana wurin direba tare da wasiƙar nan. Ni ba tela ba ce, don haka naka ya ɗan fi.

Matarka mai kewarka,
Omolewa